Kamfanin jirgi mai araha ya ɗauke ni aiki, in sa hannu?

Ummi:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san aikin jirgin sama. Na ci intabiyu a ɗaya daga kamfanonin nan masu sayar da tikiti da araha, za su ɗauke ni ma'aikaciyar cikin jirgi. Shekara biyu ina neman wannan aiki, don haka na yi murna ba kaɗan ba. Amma da na zauna na karanta kwantiragin sai jikina ya yi sanyi. Sunan da ke saman takardar ba na kamfanin jirgin ba ne, na wani kamfani ne mai samar musu da ma'aikata, kuma an rubuta cewa za a riƙa cire kuɗin horo daga albashina. Mako ɗaya suka ba ni. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya, ko da ba daɗi.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara huɗu na yi a irin wannan kamfani kafin in bari, sunansa kuwa ba zan kama ba.

Arahar tikitin nan a jikin ma'aikata ake fanshe wani kaso nata. Jirgi ba ya kawo kuɗi yana tsaye a ƙasa, shi ya sa ake so ya sauka ya sake tashi cikin minti 25 zuwa 30. Boeing 737-800 muke aiki a ciki, kujera 189, mu huɗu kacal, saboda ƙa'ida ta ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, su kuma ba sa ƙara ko mutum ɗaya a kai. Fasinja na ƙarshe na fita za mu sa safar hannu, mu ɗauki leda, mu bi layi-layi muna tsintar shara, muna miƙe bel, muna leƙa ƙarƙashin kujeru. Ba mu gama ba an buɗe wa na gaba ƙofa. Tashi huɗu, sauka huɗu a yini, ga shi tun ƙarfe uku na dare na farka. Abincina a tsaye nake ci a ƙuryar baya, kafaɗata na jingine da ƙofar bayi.

In kuma kina mafarkin ganin duniya ne, ki cire rai. Akwai biranen da na sauka fiye da sau hamsin, abin da na sani nasu bai wuce matakalar jirgi ba. Kamfanin ba ya son biyan otal, don haka inda kika taso nan za ki koma ki kwana.

Duk wannan na jure. Abin da ya fitar mini da aikin daga rai shi ne ciniki. An horar da mu kashe gobara, da fitar da mutane daga jirgi cikin gaggawa, da ceto wanda zuciyarsa ta tsaya, amma da turare da katin caca da muka sayar ake auna mu. Wata rana muna sama numfashin wata dattijuwa ya fara sarƙewa. Na durƙusa a gefenta, na sa mata abin shaƙar iska, ta riƙe hannuna gam har muka sauka, keken kayan sayarwa ko taɓa shi ban yi ba. Bayan mako guda aka kira ni ofis. Wallahi na ɗauka yabo za a yi mini. Sai shugabata ta turo mini takarda, an ja jan layi a kan cinikina na ranar, tana tambaya me ya faru. Na fito na zauna a mota na yi kuka.

Ga batun albashi. A wurinmu mafi yawan kuɗin daga awannin tashi ne da kamashon ciniki. Jirgi ya makara awa uku a ƙasa, ki sha zagin mutanen da aka caje su kuɗin jaka a ƙofa, ƙarshen wata ki duba takardar albashi ba ki ga alamar awannin nan ba.

Malam Sa'idu:
Anti ta faɗi gaskiya. Ni matuƙi ne. A dokar Turai ba a wuce awa 900 na tashi a shekara, ko awa 100 cikin kwana 28. Iyaka ce aka sa don gudun gajiya, amma wasu kamfanonin sun mai da ita abin da ake so kowa ya cike. A 2017 Ryanair, wani kamfanin jirgi mai araha na Turai, ya soke tashi kusan 20,000 saboda rikicewar jadawalin hutun matuƙa, kuma a Disambar shekarar ya amince da ƙungiyoyin ƙwadago karo na farko bayan sama da shekara 30. Sai dai kar a yi musu kuɗin goro. Southwest na Amurka shi ma mai araha ne, kuma yawancin ma'aikatansa 'yan ƙungiya ne. Ni dai a kamfani mai araha na tara awannin tashin da suka kai ni babban kamfani.

Maman Hanif:
Ƙanwata, takardar nan ta 'yan tsakiya ita ce abin tsoro. Ranar da aka rage jirage a lokacin sanyi, ku ake fara cewa ku zauna gida ba biya. Su kansu kamfanonin jirgi masu araha kuma kan durƙushe dare ɗaya, kamar Monarch a 2017 da WOW air a 2019.

Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti, ke nan in haƙura?

Anti Bilki:
Ban ce ki haƙura ba, ni ma da shi na fara. Ki rubuta musu yau, ki ce su amsa miki a rubuce: nawa ne albashin da ba ya canzawa ko an tashi ko ba a tashi ba, ana biyan ranar zaman ko-ta-kwana da ranar rashin lafiya, za su iya canza miki tasha ba da yardarki ba, kuma in kin bari kafin shekara nawa za su bi ki na kuɗin horo. In sun amsa ki kawo mu duba tare.