Me ya sa jaruman faɗan Chanis in sun tsufa sai fim ɗin ɗaukar fansa?

Ɗan_Fagge77:
Salam 'yan'uwa. Jiya da daddare na kalli The Foreigner na Jackie Chan wanda ya fito 2017, ƙanena ne ya tura min a waya, wallahi har na kwanta abin bai bar raina ba. Ni na taso da Jackie mai barkwanci ne, wanda zai ɗauki tsani ko benci ya yi faɗa da shi muna ta ihu a gidan kallo, amma a nan sai ga dattijo da furfura yana jan ƙafa, mai ɗan gidan abinci a Landan, ya kai 'yarsa shago ta sayi riga bam ya tashi ya kashe ta. Kullum sai ya je ofishin 'yan sanda ya zauna wai a ba shi sunayen waɗanda suka dasa bam ɗin, har kuɗin da ya tara ya kai musu. Lokacin shekararsa 63. Tambayata, me ya sa in ƙarfi ya fara tafiya duk sai su koma labarin an kashe musu ɗa ko jika? Rashin labari ne ko akwai dalili?

Koci_Kaduna:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ina koyar da yara karate kuma na ba hamsin baya, bari in faɗa maka abin da jikina ya koya min. Gwiwa ce ke fara tafiya, sai ƙugu, sai numfashi. Hannu yana daɗewa bai mutu ba. Shi ya sa in ka lura faɗan dattawan nan gajere ne, a ɗaki ko a matsattsen lungu, kama hannu, murɗe, gwiwar hannu a maƙogwaro, an gama. Ba mai iya juyin iska sau goma yana da shekara sittin.

Kuma ka tuna abin da jikin Jackie ya sha. Wajen ɗaukar Armour of God na 1986 a Yugoslabiya ya faɗo daga bishiya kansa ya bugi dutse ƙoƙon kai ya fashe sai da aka yi masa tiyata. A Police Story na 1985 ya zamo a jikin dogon ƙarfe mai ƙwayayen lantarki tafin hannunsa ya ƙone. Tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar wasan gargajiyar Sin ta Yu Jim-yuen a Hong Kong, inda suka tashi tare da Sammo Hung da Yuen Biao ana miƙe musu ƙafa tun asuba. Jiki magayi ne. To mutumin da ba zai iya burge ka da tsalle ba dole a nemo abin da zai sa ka tsaya a bayansa, kuma uban da aka kashe wa 'ya ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya gane.

Maman_Ilham:
Koci ka yi gaskiya amma ni abin da na gani daban ne. Ɗaukar fansa ai ba sabon abu ba ne a finafinan nan, abin da ya sauya shi ne wa ake rama wa. Da can yaro ne ke rama wa babba, Bruce Lee a Fist of Fury 1972 malaminsa aka kashe, Van Damme a Kickboxer 1989 yayansa aka naƙasa a Tailan ya je ya koyo faɗa ya dawo. Yaro yana da gobe, in ya ci bos zai koma gida ya yi aure. Shi kuwa tsoho ya binne wanda ya kamata ya binne shi, ko ya kashe su duka gidan nan shiru zai tarar. Na kalli The Foreigner ɗin da mahaifina, shi da ba ruwansa da kallo, da aka zo inda Jackie ya rungume gawar yarinyar a cikin hayaƙi da fasassun gilasai sai na ga baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bai ce komai ba, mun rasa yayanmu a haɗarin mota shekarun baya. Tun ranar ban ƙara ɗaukar irin finafinan nan a matsayin faɗa kawai ba.

In za ka samu ka nemi The Bodyguard na Sammo Hung, 2016, shi ya ba da umarni kuma shi ya fito, tsohon jami'in tsaro da ciwon mantuwa ya kama, jikarsa ta ɓace a hannunsa tun da daɗewa, sai 'yar maƙwabcinsa ta shaƙu da shi. Kansa yana manta abubuwa amma hannunsa bai manta karya ƙashi ba.

Abu_Sadiq_Zinder:
Ku yi haƙuri Hajiya, ni fa ban yarda duka ba. Kasuwa ce. Tun da Taken ya fito 2008 ya kawo kuɗi, Liam Neeson ma ba ɗan kunfu ba ne, dambe ya taɓa yi yana saurayi, sai kowa ya gane dattijo mai fushi yana sayuwa kuma ba tsada. Da yawansu in ka duba da kyau kamara yanka-yanka take yi, a nuna fuskar akta, a juya a nuna bayan wani saurayi yana dukan, a dawo. Wannan ke ƙona min rai don mu da muka san su a ganiyarsu muna ganewa. Gara Jet Li da ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu ya same shi ya ja baya ya rage fitowa, da a riƙa yaudararmu. Donnie Yen kaɗai nake cirewa, sa'an Jet Li ne, 1963 aka haife su, amma dubi saurinsa a John Wick na huɗu a 2023.

Koci_Kaduna:
Abu Sadiq maganar mai tsaya wa akta gaskiya ce, ni ma ba na so. Amma ba laifin tsufa ba ne, laifin ɓoye shi ne. A fim ɗin da Malam ya kawo ai ba a ɓoye ba, ana dukansa yana faɗuwa yana haki, da ya ga ƙarfi ba zai kai shi ba sai ya shige daji a Ireland ta Arewa yana ɗana wa yaran Pierce Brosnan, wanda ya fito a matsayin ɗan siyasar da Jackie ke matsa wa ya ba shi sunayen, tarko. Haka tsohon ɗan dambe yake yi in ya shiga fage da yaro, ba ya yawan zagaye, jira yake ka buɗe.

Ɗan_Fagge77:
Na gode ƙwarai, Allah ya jiƙan yayanku Hajiya ya ba baba haƙuri. Na Sammo Hung ɗin zan nema yau in na taso daga kasuwa, in akwai wanda ya san ko an yi fassararsa ta Hausa don Allah ya sanar da ni, da mahaifiyata nake so mu kalla.