Waɗanda aka taɓa yi wa tayin aikin "ofis" a Yukren, ku zo mu faɗa wa ƙannenmu yadda abin yake

Ɗan Karkif

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ƙanina ya turo mini wani saƙo da aka aiko masa ta Telegram: aikin kiran waya, ana neman mai jin Turanci sosai, albashi da dala, ba sai ka taɓa yin irinsa ba. Ina karantawa gabana ya faɗi, domin kusan kalmomin da aka ja ni da su ke nan a Karkif a 2020.

Lokacin ina aji huɗu a makarantar likitanci. Korona ta rufe ko'ina, Baba ya cika Form A, takardar neman dalar kuɗin makaranta a banki, amma dala ta ƙi fitowa, mai gida kuma ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe. Wani abokin karatuna ya ce in zo ya kai ni "ofis". Haka kowa ke kiransa, ba a faɗin sunan kamfani. Bene ne mai kyau a tsakiyar gari, da mai gadi a ƙasa. A bakin ƙofa aka karɓi wayata aka kulle a akwati. Ciki matasa ne maƙil, kowa da abin magana a kunne, kiɗa na tashi, ga allo a bango da sunaye da adadin kuɗin da kowa ya shigo da shi. Duk wanda aka biya ta hannunsa sai ya tashi ya kaɗa ƙararrawa, a tafa masa.

Suka laƙa mini sunan Bature, suka ce daga yau a Landan nake. Aikina in kira waɗanda suka bar lambarsu a tallan Bitcoin na Facebook, in lallaɓa su su zuba dala 250. Kwana uku na yi ina sauraron tsofaffin hannu. A rana ta uku na ji wani dattijo yana tambaya ko kuɗin zai dawo kafin a yi wa matarsa aiki. Wanda nake koyo a wajensa ya ce masa ƙwarai kuwa, yana kashe mini ido. Da aka tashi cin abinci na karɓi wayata, ban sake taka wurin ba.

Duk wanda ya ga irin wannan, don Allah ya yi magana.

Likita daga Sumi

Wa alaikumus salam. Malam, kai Allah ya tsamo ka da wuri. Ni mako biyar na yi, a Kiyef, lokacin hutun bazara na 2021, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mijina.

Wallahi da farko na ɗauka dillancin hannun jari ne na gaske. Akwai shafin intanet, akwai jadawalin farashi yana hawa yana sauka. Sai daga baya na gane wani yaro ne a ɗakin baya yake rubuta lambobin da hannunsa, ribar da mutum yake gani a kwamfutarsa babu ita ko'ina a duniya. Mu da ke teburin farko ƙofa kawai muke buɗewa. Da zarar mutum ya biya kuɗin farko sai a miƙa shi teburi na biyu, can ne ƙwararrun suke. Su ne za su yi ta kiransa kullum, su san sunan jikokinsa, su san ranar da fanshonsa ke shiga, sannan su sa shi ya ɗora AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar sarrafa kwamfutarka daga nesa, wai don a taya shi, alhali ta nan suke shiga asusunsa na banki yana kallo.

Akwai wata tsohuwa 'yar Ostireliya da mijinta ya rasu, ni na shawo kanta. Ta ce muryata irin ta 'yarta ce. Bayan kwana goma na wuce ta teburi na biyu na ga sunanta a fuskar kwamfuta, ana koya mata yadda za ta nemi bashi a banki. Na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah. Washegari na ce na bar aiki. Shugabar sashenmu ba ta ɗaga murya ba, ta dai tuna mini cewa takardar zamana ta ɗalibi ce, ba ta aiki ba, kuma suna da hoton fasfona. Albashin makonni biyu na ƙarshe ba su ba ni ba, ni ma ban nema ba. Abin da na riga na karɓa na lissafa na fitar da shi sadaka bayan na dawo gida, amma har yau in na tuna matar nan barci ƙaurace mini yake.

Abban Sadik

Allah ya yafe mana baki ɗaya, Likita. Ni ba ofis aka kai ni ba, katin banki aka nema. Wani da muke buga ƙwallo tare a Dinifro ya ce in ba shi aron katina, kuɗi za su shigo in cire in miƙa masa, in riƙe kaso biyar cikin ɗari. Masu irin wannan aiki "drop" suke ce musu. Na ƙi ne kawai don tsoron mahaifina. Ashe da haka manyan ke wanke kuɗin sata. Vyacheslav Penchukov, ɗan Donesk da ake kira Tank, da irin waɗannan 'yan aike ƙungiyarsu ta masu kutsen kwamfuta, Zeus, ta riƙa kwashe asusun kamfanonin Amurka. Sai a 2022 aka kama shi a Janiba, a 2024 kotu a jihar Nebraska ta ɗaure shi shekara 9. Ku duba shekarun da ya yi yana yawonsa, alhali mai katin shi ne sunansa ke rubuce a banki tun ranar farko.

Baƙon Hambug

Ni daga ɗaya ɓangaren wayar nake. Shekara 14 ina tuƙin babbar mota a Jamus. A 2019 na ga talla da hoton wani sanannen attajiri, na sa lambata. Cikin wata huɗu Yuro 6,000 suka tafi, kuɗin da nake tarawa na rufin gidanmu a Damagaram. Yaron da ke kirana ladabi gare shi kamar ɗan cikina, har barka da salla ya yi mini. Da na ce zan cire kuɗina sai aka ce sai na biya haraji tukuna. Bayan na haƙura, wata shida, wata mata ta kira wai lauya ce mai ƙwato wa waɗanda aka cuta kuɗinsu, in biya kuɗin buɗe fayil. Ta san adadin da na rasa har kobo. Su ne dai suka sake zagayowa.

A watan Maris na 2020 jaridar Dagens Nyheter ta Suwidin da ƙungiyar 'yan jarida ta OCCRP suka fallasa wani kamfani, Milton Group, da ke aiki daga ginin Mandarin Plaza a Kiyef. Wani ma'aikacinsu ne ya fito da takardun, suka nuna kusan dala miliyan 70 a shekarar 2019 kaɗai. Da na karanta yadda suke yi sai na ga kamar labarina aka rubuta. Likita, 'yata, ni ban riƙe irinku a zuciya ba. Waɗanda suka kafa teburin nake kai ƙara wurin Allah.

Maman Iman

Ina roƙon mu yi adalci a maganar nan. Shekara shida na yi a ƙasar. Matar da na zauna a gidanta, ranar 24 ga Fabrairun 2022 da aka fara ruwan bama-bamai, ita ta cusa mini burodi da safar sanyi a jaka ta raka ni tashar jirgin ƙasa. Ita ma an taɓa kiranta wai daga bankinta ne, aka share mata fansho. Mu 'yan Nijeriya mun san zafin a ga koren fasfo a ce 419. Ƙungiyoyin ɓarayi ne, cikinsu har da baƙi daga ƙasashe da dama, kada mu yi wa mutanen ƙasar kuɗin goro.

Abban Sadik

Gaskiyarki ne, Hajiya. Kuma yaƙin bai kashe harkar ba. A Disambar 2025 'yan sandan Yukren tare da na Cek, Latbiya da Lituweniya, da taimakon Eurojust, hukumar haɗin kan shari'a ta Tarayyar Turai, sun kai samame ofisoshi a Dinifro, Kiyef da Ivano-Frankivsk. Waɗannan shigar 'yan sanda da ma'aikatan banki suke yi a waya, sun ci sama da Yuro miliyan 10. Ma'aikatan ma daga waɗannan ƙasashen aka ɗebo su, domin kowa ya cuci mai jin yarensa. Mu Turancinmu suke so.

Ɗan Karkif

Na gode muku ƙwarai, musamman Likita da Baba na Hambug. Na tura wa ƙanina duk abin da kuka rubuta, ya kira ni yanzu muryarsa na rawa. Bai fara aikin ba, amma tun shekaranjiya ya aika musu hoton fasfonsa da lambar asusunsa, wai na biyan albashi. Na ce ya toshe su, gobe da safe zan raka shi banki a rufe asusun. Maganar fasfon ce ta tsaya mini a rai. Likita, ke da suka riƙe hoton naki, wani abu ya biyo baya?