Takardar tambayoyi kan haɗa aiki biyu: ta isa ita kaɗai?

MaiGashi_Gusau:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan gashin ƙashi. Masu shanyewar ɓarin jiki da masu makyarkyatar Parkinson sukan yi tafiya lafiya lau a ɗakin gashi, amma da an yi musu magana suna tafe sai ƙafa ta harɗe. Wace takardar tambayoyi ta dace da auna wannan a nan Zamfara, inda yawanci sai an karanta wa majinyaci? Ta wadatar, ko sai da gwaji?

Bakabe_Argungu:
Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai DTQ, takardar tambayoyi kan matsalar yin aiki biyu a lokaci guda, wadda Evans da abokan aikinsa suka fitar a 2009: tambaya 10, makin kowace daga 0 zuwa 4, gwargwadon yawan faruwar matsalar. Akwai wata irinta, DIDA-Q, ta 2020 daga Italiya, tambaya 16, sai dai don masu cutar MS (multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) aka tsara ta. A asibiti mai dogon layi, DTQ ta fi sauƙi.

Amma kula da wanda ya daina. Dattijon da ya bar tafiya masallaci da buta a hannu don tsoron faɗuwa, in ka tambaye shi ko ruwa na zube masa yana tafe, zai ce a'a. Makinsa 0, daidai da mai lafiya, alhali shi ya fi kowa matsala. Ka ware gurbin rubuta "ya daina yi". Sannan wanda ɓarin hagu ya shanye wani lokaci bai san iyakar raunin nasa ba. A tambayi mai jinya a keɓe, don ɗa ba zai ƙaryata mahaifinsa a gabansa ba.

Hajiya_Mafara:
Malam, kada mutum ɗaya ya fassara DTQ zuwa Hausa a tsaye bakin gado. Mutum biyu su fassara kowa daban, a daidaita, wanda bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, sannan a gwada kan majinyata 30 zuwa 40, ana tambayarsu me suka fahimta.

A cikin DTQ, tambayar tsayawa in ana magana ita ce mai wuya a wajenmu. Mutumin kirki dama tsayawa yake yi ya gaisa, mace ma ta durƙusa. Wannan ladabi ne, ba ciwo ba. A ce: "In kuna tafe da ɗanka kuna hira, kakan tsaya kafin ka ba shi amsa?" Amsoshin nan biyar (0 zuwa 4) kuwa, a jera tsibin wake biyar daga babu zuwa mai yawa, ya nuna da yatsa. In an sauya tambayoyi, kada a kwatanta makin da na ƙasashen waje sai an tabbatar da ingancin fassarar.

Bakabe_Argungu:
Gaskiya ne, Hajiya. Gwajin kuma dole ne. A yi TUG, gwajin auna lokacin tashi da tafiya: majinyaci ya tashi daga kujera, ya yi mita 3, ya juyo ya zauna, kana riƙe da agogo. Ya maimaita yana ƙirga baya da uku-uku, sannan da kofin ruwa cike a hannu. Kada a sauya takalmi ko sanda tsakanin gwaje-gwajen, kai kuma kana ɓarin mai rauni. A cire lokacin farko daga na biyu, a raba da na farko, a ninka da 100: daƙiƙa 12 ta koma 15, ƙarin kashi 25 ke nan.

Wanda ƙirga baya ya gagara, ya jero ranakun mako daga Asabar zuwa baya, ko sunayen dabbobi. Kada a ba shi abin da ya haddace tun allo, baki zai karanta ba tare da hankali ya yi aiki ba. A rubuta kurakuran ƙirgar ma, don wani sauri zai riƙe ya saki lissafi.

MaiGashi_Gusau:
Allah Ya saka da alheri. In takarda ta ce lafiya, agogo ya ce akasin haka fa?

Hajiya_Mafara:
A ɗauke shi mai haɗarin faɗuwa. A sake tambayar mai jinya me ya daina yi a gida, a gaya masa kada ya riƙa jan majinyaci da hira wajen tsallake kwata ko shiga banɗaki.