Shin ƙananan gidajen rediyonmu za su ɗore, ko manyan kamfanoni za su haɗiye su?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello. Tun da kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamar MultiChoice, mai DStv da GOtv, a 2025, wata tambaya ta tsaya mini a rai. Idan kamfani mai girma irin wannan ya koma hannun wani, ina makomar ƙananan tashoshin da muke saurara a Zariya da Kaduna nan da shekara 20?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin 1992 gwamnati ce kaɗai take da ikon buɗe gidan rediyo ko talabijin a Najeriya, sai gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ba 'yan kasuwa dama. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta ƙaruwa, amma kuɗin talla bai ƙaru daidai da yawansu ba. Na'urar watsa shirye-shirye ba ta san babu ba. In babu wutar lantarki sai janareta, janareta kuwa sai dizal. Ka tuna cewa a watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin kuɗin sabuntawa, kafin daga baya ta jingine matakin.

Saboda haka abin da nake hange shi ne mutum ɗaya ya mallaki tashoshi a garuruwa biyar ko shida, ana haɗa shiri a ɗaki ɗaya ana rarraba musu. Na ga mafarin haka a tashar da na yi aiki, inda aka sallami wakilanmu na ƙananan hukumomi, aka cike gurbinsu da sayar da filin shirye-shirye ga 'yan siyasa da masu maganin gargajiya. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Malama Daga Ƙofar Doka:
Baba, Allah ya saka da alheri. Abin da kuka hango ya riga ya faru a Amurka. Bayan dokar sadarwa ta 1996 ta sassauta iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka, kamfanin Clear Channel ya tara gidajen rediyo fiye da 1,000, ya kuma ɗebo bashin da ya kai shi kotun fatara a 2018, lokacin yana amsa sunan iHeartMedia. Damuwata ita ce manomin Giwa ko Soba, wanda yake kunna rediyo don ya ji farashin masara da taki da halin da hanya take ciki. Mai shirya labarai daga Abuja ba zai san da wannan buƙata ba, balle ya biya ta.

Mai Harkar Talla, Sabon Gari:
Malama, a yi mini afuwa, ban yarda cewa girman kamfani illa ne a ko da yaushe ba. Tashar da take shafe watanni ba ta biya albashi ba, wane 'yanci ne ya rage wa ɗan jaridarta? Ku dubi Media Trust, mai Daily Trust da Aminiya da Trust TV, yadda wakili ɗaya yake amfanar kafofi da dama. Ni da nake karɓar tallan mutane, ina ganin yadda mai shago ya gwammace ya biya Facebook ko wani mai mabiya a TikTok, kuma wannan kuɗi ba ya komawa kowane ɗakin labarai.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo, Tudun Wada:
Alhaji, maganarka ta albashi gaskiya ce, kuma ba na ƙin haɗewar idan da sharaɗi. Duk wanda ya sayi tashar da ke Zariya, NBC ta rubuta masa a lasisi cewa sai ya riƙe ɗakin labarai a garin, tare da wasu sa'o'i na shirin da aka haɗa a nan kowace rana, kuma ta riƙa aiko jami'anta suna dubawa.