Me ya sa Turawa suka bar Dukawuya suka koma Kabuga a 1903?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa ɗan rubutu kan cin Kano, wato ranar 3 ga Fabrairu 1903, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Kanar Morland, kwamandan sojojin Turawan Ingila, ya taso daga Zariya, ya fasa Bebeji a hanya, ya iso da igwa da bindiga mai ruwa. Ya fara dukan Ƙofar Dukawuya, abin bai yi ba, sai ya zagaya Kabuga ya shiga. Na taka da ƙafa daga wannan ƙofa zuwa waccan ta titin tsohuwar jami'ar Bayero, ban ga abin da ya bambanta su ba. Kwalta ce, sai shaguna, sai guntun ganuwa da ruwan sama ya zaizaye, awaki na hawa. To me Dukawuya ta fi Kabuga da shi?

Baba Mai Allo:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai ƙofofin da ka gani gini ne na zamani, ba za su gaya maka komai ba. Ta da zaure ce mai zurfi a cikin kaurin ganuwa, wata ma an gina ta a lungu, badala ta fito ta kāre ta dama da hagu. Mai igwa ba ya samun ƙyauren a miƙe, in kuwa ya matso, 'yan baka na kansa. Ita ganuwar kuma ƙasa ce mai kaurin gaske, harsashi sai ya nutse a ciki kawai. Ga gwalalo a waje. A Kabuga ne suka samu inda igwa za ta kalli ƙyaure. Ka leƙa gidan tarihi na Gidan Makama ka ga irin ƙyamaren da kanka.

Jikar Wambai:
Baba ya yi gaskiya, amma ni a ganina ana cika ɗora wa gini nauyi. Wa ke kan ganuwar ranar? Sarki Alu yana Sakkwato da manyan barade, Sarkin Shanu aka bar wa gari, a fada kuma ya rasu yana faɗa. Ganuwa mai kewayen mil goma sha wani abu, ina mutanen da za su tsare ta duka?

Ɗan Gwale:
Ke nan da dawakin suna gida da labari ya canza, Yaya?

Jikar Wambai:
Ban zata ba. Duba yaƙin Kwatarkwashi a ƙarshen watan Fabrairun 1903 ɗin. Wazirin Kano Ahmadu ya yi ta kai hari da dawaki kan 'yan sojojin Turawa da ba su kai hamsin ba, suka tsaya sahu mai kusurwa huɗu suna harbi, a nan ya kwanta dama. In za ka zana taswira a rubutunka, kada ka manta a lokacin tsakanin Kabuga da gidajen birni gonaki ne fetal. Wanda ya sauko daga badala ba shi da wurin fakewa.