Duwatsu na zubewa daga rigar amarya mai roba, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum masu sana'a. Wane gam ne ke riƙe dutse a yadi mai roba? Duwatsun Kantin Kwari ne masu kyau, amma da amarya ta sa rigar sai su fara zuba.

Tela daga Fagge: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Laifin ba na dutsen ba ne. An manna shi yadi na kwance, jiki ya shiga ya ja yadin, gam ya saki. Ki naɗe kwali da leda ki zura cikin rigar, ta ɗan miƙe kamar tana jiki. Ki zuba gam ɗin E6000 ko Gem-Tac a sirinji marar allura, ki ɗiga abin da bai kai faɗin dutsen ba, ki ɗora dutsen ki danna har gam ya ɗan leƙo ta gefe. Wannan zoben shi ke riƙe shi. Haka masu ɗinka kayan wasan zamiya kan ƙanƙara ke yi, ga tsalle ga juyi, dutse na nan daram.

Mai kayan ado, Sabon Gari: Hajiya, ban da Super Glue. Yana dusashe dutse, ya ƙandarar da yadi. Dutsen da ake mannawa da guga kuwa ba ya kama net sosai, gam ɗinsa bai da wurin zama.

Tela daga Fagge: Na manta: E6000 na da wari, ki buɗe taga. Ki bar rigar a shimfiɗe awa 24, wanki sai bayan kwana 3, da hannu, a ruwan sanyi.