Surukata ta ce sai na kalli rana a cikin ruwa ranar husufi, ga ni da cikin wata bakwai

Amaryar Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina da cikin wata bakwai. Wannan ne na uku, biyun farko duk sun zube, ɗaya a wata uku, ɗaya a wata biyar. Na biyun ma cikin dare ne, ni kaɗai a ɗaki, sai maƙwabciyarmu mai sayar da koko ce ta fita neman tasi. Tun daga ranar Mma, mahaifiyar maigidana, ba ta barina in ɗaga ko bokiti. Ba zan ɓoye alherinta ba, ita ke dafa mini abinci, ita ke raka ni awo. Gida ɗaya muke a unguwar Nima, nan Accra, ƙofarta na kallon tawa. Shi maigidan yana Kumasi wurin aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa.

Makon jiya ta ji a rediyo cewa za a yi husufin rana ranar Asabar 6 ga Fabrairu, kuma Accra na cikin inda za a gan shi sosai. Washegari ta ce in sa mayafi, muka tafi wurin wani malami. Ya tambayi sunana da na mahaifiyata, ya yi lissafi, ya ce tauraruwata ta wuta ce, ta maigidana ta ruwa, shi ya sa ciki ba ya zama, kuma wannan husufin a kan burujina zai faɗo. Ya ce a nemo farin zakara da farin goro da farin ƙyalle. Zai yi rubutu a wanke a zuba cikin tasa, idan rana ta fara kamuwa in hau saman bene in kalli ranar a cikin ruwan har in gama Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai, sannan in yi wanka da ruwan. Mun riga mun ba da sidi 600.

Da na gaya wa yayata da ke unguwar Madina, nan Accra, sai ta ɗaga mini hankali. Ta ce mai ciki ba ta fita ko ƙofar ɗaki ranar husufi, ba ta riƙe wuƙa, ba ta cin abinci, in ba haka ba yaro ya zo da tsagaggen leɓe.

Wanne zan bi? Kuma ina da baƙin tabarau da na saya a Circle, in na sa shi ya isa?

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya raba lafiya ɗiyata. Ke dai kin yi sa'ar suruka. Tawa, Allah ya jiƙanta, ina da cikin fari ta sa ni dakan fufu na mutum goma sha biyu, da na ce bayana na ciwo ta ce a zamaninsu a gona ake haihuwa. Shekara tara na yi a gidan nan ban taɓa jin ta ce mini sannu ba. Ki riƙe wannan tsohuwa hannu biyu.

Alhaji Baban Yara:
Innalillahi. Wannan ba malami ba ne, boka ne ya sa rawani. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya rasu aka yi husufin rana a Madina, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan kun gani ku yi salla, ku yi addu'a, ku yi sadaka. Bukhari da Muslim duk sun kawo. To in ɗan Annabi bai sa rana ta kamu ba, ke wace ce da husufi zai zaɓi burujinki a duk faɗin Nima? Ki je ki karɓo kuɗinku. Ita ma yayarki camfi ne take kawo miki.

Maganar ido kuma kada a tsorata ki. A 2006 da idona biyu na kalli husufi a Tudu, ba tabarau ba komai, ga ni yau ina karanta Alƙur'ani ba gilashi. Balle wannan da yamma ne, ga hazon hunturu ya rufe rana.

Malamar Kimiyya, Mamobi:
Alhaji, hadisin ba mai ja da kai. Amma maganar ido, da girmamawa, ka janye ta, yara na karantawa.

Na 29 ga Maris 2006 cikakken husufi ne. Wata ya rufe rana ruf, gari ya yi duhu da hantsi kamar minti uku, kaji suka koma akurki. A cikin waɗannan mintocin kaɗai ake iya ɗaga kai ba kariya, kuma ina kyautata zaton lokacin ka kalla. Na bana daban ne. Wata zai kasance ya yi nisa da duniya, zai yi ƙanƙanta, ba zai iya rufe rana duka ba. Zai zauna a tsakiyarta ya bar zobe na wuta kewaye. Wannan zoben rana ce tsagwaronta, babu daƙiƙa ɗaya da za a kalle shi da ido tsirara. Hazo yana rage hasken da ke sa ka runtse ido, sai ka samu damar ƙura mata ido ka daɗe, nan ne ɓarnar take.

Ƙanwata, baƙin tabarau na Circle ba ya aiki, ko guda biyar kika jera. Ruwa a tasa ma ba kariya ba ne, madubi ne, kuma yadda rana ke sauka ƙasa da yamma haka ruwa ke ƙara mayar da haskenta. Fatar da ke can bayan ido, inda hoto ke sauka, ba ta jin zafi. Za ki gama ƙafa bakwai ɗinki lafiya lau, sai bayan awanni ko washegari ki ga tabo a tsakiyar duk abin da kika kalla. Wani yana raguwa cikin watanni, wani ya zauna ke nan.

Leɓen jariri kuwa tun watanni ukun farko yake gama haɗuwa. Naki na wata bakwai ya wuce nan tuntuni. Zancen wuƙa da hana cin abinci al'adar Indiya ce, su a wurinsu wani Rahu ne ke haɗiye rana. 

Amaryar Nima:
Alhaji don Allah a daina ce masa boka. Almajirai ne cike da zaurensa, kuma bai ce in kira sunan kowa ba sai Allah. Ƙulhuwallahu ce fa. Shi ya yi wa matar ƙanen Mma aiki bayan shekara shida ba haihuwa, yanzu 'ya'yanta uku. Ku ba ku san abin da na gani ba a ɓari na biyu.

Anti malama na gode. Amma ƙafa bakwai ai ba ta kai minti biyu ba in na yi sauri.

Malamar Kimiyya, Mamobi:
Daƙiƙoƙi ma sun isa su yi ɓarna, balle minti biyu.

Mai Walda, Abossey Okai:
Ku tambaye mu da wuta ke ci wa ido. Gilashin walda yana yi, amma sai mai lamba 14, shi ne mai duhun da ake so. Yawancin wanda muke aiki da shi a gareji 10 ne ko 11, wannan bai isa rana ba. Lambar tana jikin gilashin, in babu lamba a bar shi. Kuma kada wanda ya zo mini aro, tun yanzu na faɗa. Yaran shagona sun fasa mini biyu a wata ɗaya, ɗayan ma ya ɗauki injin niƙa ƙarfe ya tafi da shi Kasoa wai zai yi aikin kwana ɗaya, yau sati uku wayarsa a kashe. Uwarsa kuma ta zo tana ce mini in yi haƙuri yaro ne.

Alhaji Baban Yara:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ana maganar imani kuna maganar gilashi. In ido ya lalace an yi asarar duniya, in tauhidi ya lalace fa? Wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in, wannan a Muslim yake. Ga azumi saura 'yan kwanaki bayan husufin, da wannan za ki shiga Ramadan? Abin da za ki yi ɗaya ne. Ki bi mata zuwa masallaci, a yi raka'a biyu, kowace raka'a ruku'u biyu da karatu mai tsawo, ba kiran salla ba iƙama. Zakaran ki yanka ki ba almajirai, ya zama sadaka.

Ɗalibi daga Sabon Zango:
Alhaji a gafarce ni. A mazhabar Malikiyya da muka karanta, lokacin sallar husufin rana kamar na Idi ne, daga hantsi zuwa zawali. Wannan kuwa bayan la'asar zai kama, gab da magariba. Shafi'iyya ne ke yin ta kowane lokaci. Ya kamata a ji ta bakin limamai tukuna kafin a tura mai ciki masallaci.

Alhaji Baban Yara:
Hadisi ya ce idan kun gani ku yi salla. Bai ce idan kun gani ku duba agogo ba. Yaran yanzu ku karanta littafi ɗaya ku zo kuna gyara wa iyayenku zama.

Ɗalibi daga Sabon Zango:
Ban gyara maka zama ba Alhaji, Imam Malik na ambata.

Direban Tirotiro:
Ni ba malami ba ne, abin da ya same ni zan faɗa. A 2006 ina aji biyar. An yi ta shela a rediyo a sayi tabarau na musamman, babanmu ya ce kuɗin banza ne. Muka fasa kwalba muka kanga a kan fitilar aci-balbal har ta yi baƙi, muka yi ta kallo tun kafin gari ya yi duhu, muna gasar wanda zai fi daɗewa. Ni na ci gasar. Washegari a makaranta na kalli allo, tsakiyar kowane harafi babu. Idon dama ya warware, na hagu har yau in na rufe ɗayan na kalli lambar mota sai in ga lamba ɗaya ta ɓace. Da aka kai ni asibiti likita ya ce ba abin da za a ɗiga. 'Yar uwa, jaririn nan fuskarsa za ki so ki gani.

Sister Kayan Dubai:
Akwai tabarau na husufi original, sidi 40, biyu 70. Ana kawowa har gida, a biya ta MoMo.

Malamar Kimiyya, Mamobi:
Ki ɗauko mana hoton jikinsa. Na gaske ana rubuta ISO 12312-2, kuma in ka sa shi a ɗaki ba ka ganin komai, ko ƙwan lantarki sai dai ɗan dishi-dishi. Rubutun ma ana buga na jabu, don haka a gwada. In ya huje ko ya karce a yar.

Wanda bai samu ba, ga hanya kyauta. A huda kwali da ƙusa ƙarama, a juya wa rana baya, a bar hasken ya bi ta hudar ya sauka a bango ko farar takarda, za a ga zoben a nan. Ba ta cikin hudar ake leƙa rana ba. Matsamin taliya mai huji-huji ma yana yi, zobba da yawa za ku gani a bango. Kuma kada a kalla ta madubin hangen nesa ko da an sa tabarau, yana tara hasken ya ƙone shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗiyata ki ji ta manya. Ki hau benen, ki sunkuya kan tasar, ki rufe idonki ki yi karatunki. Wa zai sani? Tsohuwa ta ji daɗi, idonki ya tsira, Alhaji ma ya huta. Zaman gidan miji ɗan dabara ne. Ni da na iya wannan da wuri da ban sha wahalar da na sha ba.

Alhaji Baban Yara:
Hajiya, yanzu yaudara kike koya mata a kan shirka? Ni tambayata ɗaya da ba wanda ya yi. Ina mijin? Ya san an kai matarsa wurin mai duba? Kuɗin wa aka bayar?

Amaryar Nima:
Hajiya, Mma ta ce tare za mu hau, ita za ta riƙe mini tasar. Kuma malam ya ce sai na ga ranar da idona aikin zai ci. In na rufe ido, wani abu ya zo ya samu cikin nan, da wane baki zan yi bayani? Ni kaina ba zan yafe wa kaina ba.

Alhaji maganar maigida a bar ta, ba a nan take ba. Mutum ba ya shiga tsakanin ɗa da uwarsa.

Malamar Kimiyya, Mamobi:
To ranar awonki ki gaya wa nas, a gaban Mma. Wataƙila ta fi jin ta bakin mai farin kaya. Ɓari biyu a jere kuma abu ne da likita ke bincikawa, an taɓa yi miki gwaji a kai?

Alhaji Baban Yara:
Ni na faɗi tawa, na fita hakkinki.

Amaryar Nima:
Awona sai 9 ga wata, an riga an wuce. Mma ta sayo zakaran yau a kasuwar Nima, yana ɗaure bayan ɗakina yana ta cara. Baba mai walda, in na samu mai lamba 14 ɗin na kanga a fuska na kalli cikin ruwan, idon zai tsira? Kuma waɗanda suka sani, gilashi a tsakani yana karya aikin?

Mai Walda, Abossey Okai:
Na farkon e, in lambar gaskiya ce kuma bai tsage ba. Na biyun ba layina ba ne. Wai akwai wanda ke zaune Kasoa a nan?